Ɗaga ƙarfe don rage tumbi: tsarin da ya kamata sabon shiga ya zaɓa

Telana na Kasuwar Barci a Kaduna ne ya fara tona mini asiri. Ya zagaya tef a ƙuguna, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Alhaji, wannan karon sai an ƙaro yadi." Inci 44. Na hau sikeli a kemis, kilo 96.

Washegari na faɗa wani ɗan gidan ɗaga ƙarfe a Tudun Wada, irin wanda ƙarafunansa duk ƙirar maƙeran kasuwar Panteka ne, wasu ma siminti ne aka zuba a gwangwani. Abin da na ga ƙattin wurin suna yi shi na kwaikwaya: yau ƙirji, gobe damtse, jibi kafaɗa, kwana shida a mako. Na ƙara da sitof (kwanciya rigingine ana tasowa zaune) sau ɗari, na kuma sa leda a cikin riga wai don gumi ya narkar da kitse. Kafin mako uku ruku'u ya zama mini aiki, sujjada kuwa sai da dabara. Na gudu.

Wani dattijo tsohon soja da ke zuwa wurin bayan asuba shi ya dawo da ni. Ya ce, "Ɗana, waɗancan sun shekara goma a kai. Kai kwana uku ya ishe ka." Na ce, "Baba, uku kacal?" Ya ce in gwada wata uku tukuna.

To, kai ma idan yanzu za ka fara, nemi tsarin da ke taɓa duk jiki a zama ɗaya, kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ni Litinin, Laraba da Juma'a nake yi, don tun Disambar 2021 da gwamnatin jiha ta koma aikin kwana huɗu safiyar Juma'a ta zama tawa. Idan biyu kawai za ka iya, yi biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ma kwana biyu a mako ta sa a matsayin mafi ƙaranci na atisayen ƙarfafa tsoka ga baligi, tare da minti 150 na motsa jiki matsakaici. Tsarin da ka san zirga-zirgar Kawo da hidimar gida ba za su bari ka riƙe ba, kada ma ka fara shi.

Motsi biyar ne ginshiƙin abin. Tsuguno da ƙarfe a kafaɗa ko a rungume a ƙirji. Ɗago ƙarfe daga ƙasa da baya a miƙe. Tura shi sama kana kwance a benci. Tura shi sama da kai kana tsaye. Sai jawo shi zuwa ciki kana sunkuye. Kowanne zagaye uku, kowane zagaye sau 8 zuwa 12, da hutun kamar minti biyu. Ɗagowa daga ƙasa tana cin jiki, don haka sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar, kuma ka sa wanda ya iya ya tsaya a gefenka ya duba bayanka. Da zarar ya lanƙwashe kamar na mage, ajiye, nauyin ya fi ƙarfinka.

A wajen nauyi ne mutane suka fi ruɗewa. Za a ce maka mai son rage ƙiba ɗan ƙaramin ƙarfe zai riƙa ɗagawa sau hamsin har ya jiƙe sharkaf. Ba haka ba ne. Idan ka rage abinci, jiki yakan ci kitse ya haɗa da tsoka, kuma nauyin da yake jin sa sosai ne ke sa ya bar tsokar. Shi ya sa wanda ya rame da yunwa zalla za ka gan shi ya yi yaushi, riga na rataye a kafaɗa, tumbin kuma bai gama tafiya ba. Zaɓi nauyin da idan ka gama zagaye kake jin saura biyu kawai za ka iya ƙarawa. Ranar da ka cika 12 a duk zagaye ukun, ƙara kilo biyu da rabi. Sandar da ke manyan wuraren motsa jiki kilo 20 ce ita kaɗai, amma ta Panteka Allah kaɗai ya san nauyinta, don haka ni a littafina "manyan faifai biyu da ƙarami" nake rubutawa. Littafin nan kada ka raina shi, shi ne zai nuna maka ko kana gaba.

Sitof kuwa yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen tumbi ya ƙone. Ledar da na sa ruwa kawai ta fitar, na sha na mayar.

Kitse a kwano ake rage shi. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kalori wajen 7,700, ke nan idan kana rage 500 kullum za ka sauke kusan rabin kilo a mako. Ban daina cin tuwo ba, malmala biyu ce ta koma ɗaya, miya da ganye suka ƙaru. Cokali babba ɗaya na mai, ko na gyaɗa ko manja, kalori wajen 120 ne, sai ka lissafa abin da ake kwarara wa wake da shinkafa. Lemon kwalba na rabin lita yakan ɗauki sukari har giram 50, shi na fara sallama, sannan na roƙi mai shayinmu ya rage hannu.

Abin da ba a ragewa shi ne furotin, sinadarin da ke gina tsoka. Ana so mai ɗaga ƙarfe ya samu wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na jikinsa. Idan ƙibar ta yi yawa, yi lissafin da nauyin da kake son komawa. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, don haka sai an haɗa da wake, kifi, kindirmo, kaza ko tsire. Awara ma tana da shi sosai, matsalarta man da take sha a kasko. Uwargida ta koma dafa mini ita a miya, ba daɗi ɗaya ba ne, amma an saba.

Ranakun hutu ka yi tafiyar ƙafa ta rabin awa. Ni nakan zagaya Dandalin Murtala da yamma. Ka samu barcin awa bakwai. Ciwon jiki na kwana biyu ko uku bayan atisayen farko ba komai ba ne, zai wuce. Wanda ke sukar gwiwa ko ƙugu shi ne na tsayawa. Mai hawan jini, ciwon suga ko ƙaba ya fara ganin likita kafin ya taɓa ƙarfe.

Sikeli zai yi maka wasa da hankali a makonnin farko, domin sabon shiga yana iya ƙara tsoka yana rage kitse a lokaci guda, ga kuma ruwan da jiki ke riƙewa. Na yi mako uku allura ba ta motsa ba, alhali na matsa ramin bel ɗaya. Sayi tef irin na tela, ka auna daidai cibiya kowace Asabar da safe kafin karin kumallo, ka rubuta a bayan littafin. Kada ka canja tsarin sai ka cika wata uku, ko da ƙattin wurin suna yi maka dariyar ƙananan faifanka. Ni a wata na biyar tef ya nuna inci 39, kuma har yau motsin nan biyar nake yi.