Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsuntsu a Gandun Daji

Ka fita da sassafe, lokacin da tsuntsaye ke neman abinci. Sa kaya marasa ƙyalli, ka ba rana baya don haske ya sauka kan tsuntsun.

Ni da kunne nake farawa kafin ido. In na ji kuka sai in tsaya cak, in nemi reshen da ke motsi. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. A kyamara kuwa, sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa, ka saita kan idon tsuntsun. In ido ya fito tar, hoto ya yi.

Don Allah kada ka matsa kusa da sheƙa. Uwar na iya tsorata ta gudu, ƙwai ya huce.