Darasi na 7: Idan bidiyo ya ƙi tafiya a kwamfuta

Kun kwaso bidiyon biki ko na wa'azi a kile (ƙaramar ma'ajiyar USB), kun jona a kwamfuta, sai ga murya babu hoto, ko kuma hoton yana tafiya yana ƙamewa. Kafin ku ɗauki na'urar zuwa wurin mai gyara a kasuwar Dole, ku fara gano inda ciwon yake: a fayil ɗin ne, a manhaja, ko a jikin kwamfutar.

Fayil ɗin bidiyo kamar buhu yake. MP4, MKV ko AVI da kuke gani a ƙarshen sunansa, sunan buhun ne kawai. Hoto da muryar da ke ciki an matse su ne da wata dabara mai suna kodek, kuma manhajar da ba ta san dabarar ba, ba za ta iya kwance su ba. Shi ya sa fayil biyu, dukkansu MP4, ɗaya ya buɗu ɗaya ya ƙi. Kodek ɗin H.264 kusan kowace kwamfuta ta san shi. H.265, wanda ake kira HEVC, shi ne ya fi ba da wahala, domin wayoyin iPhone suna ɗaukar bidiyo da shi tun 2017, alhali kwamfutocin da aka ƙera kafin 2015 yawancinsu ba su da sashen da ke kwance shi cikin sauƙi.

Abu na farko, ku sa VLC, manhajar kallon bidiyo. Kyauta ce, tana zuwa da kodek ɗinta, kuma daga shafin VideoLAN kaɗai za ku sauke ta. Duk shafin da ya ce sai kun sauke wani kodek kafin ku kalli bidiyo, ku rufe shi nan take. Ta wannan hanya ake shigar da cuta kwamfuta. Bidiyo na tafiya a VLC, ku danna Ctrl da J tare, sunan kodek zai bayyana. In H.265 ne kuma na'urar tsohuwa ce, ku mai da shi H.264 a girman 720p da manhajar HandBrake.

In baki ya riga murya, ko murya ta riga baki, maɓallan J da K a VLC suna daidaita su kaɗan-kaɗan.

Wani lokaci fayil ɗin ne bai cika ba: wuta ta ɗauke ana kwafa, ko an zare kile da garaje. Ku gwada girmansa da na asali, in bai kai ba a sake kwafowa. Kilen da ke kan tsarin ajiyar fayil mai suna FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4.

Sai zafi. Bidiyon da ya fara lafiya, bayan minti goma ya soma sarƙewa, fanka na ta kuka, wannan ba laifin kodek ba ne. Ƙurar hunturu ta toshe kafofin iska, ga zafin bazarar Damagaram da ke haura digiri 40, sai injin ya rage wa kansa gudu don kada ya ƙone. Ku kashe kwamfutar, ku share kafofin da buroshi mai laushi, ku ɗora ta kan tebur. Katifa da darduma suna rufe mata hanyar iska.

Aikin aji: kowa ya buɗe bidiyo biyu a VLC, ya rubuta sunan buhu da sunan kodek na kowanne a littafinsa.