Yanda zaka gano asalin sunan Bature da ba kasafai ake jinsa ba

Hutun da ya wuce ɗan yayata ya zo mana kwana biyu nan Ƙofar Ƙaura, yana bincike cikin kwalin tsofaffin littattafaina sai ya jawo littafin taswira na zamanin muna sakandare, duk bangon ya ɓare, ya ɗora yatsa can saman Kanada yace Kawu wannan Frobisher Bay ɗin sunan mutum ne ko na gari? Nace sunan mutum ne aka sa ma wajen. Yace toh me sunan yake nufi? Nan na tsaya. Daren nan ban kwanta da wuri ba, kuma tun lokacin abun ya zame min jiki, duk sunan Bature da na ci karo dashi sai na bi sawunsa. Ga yanda nake yi, da waya kawai da ɗan data, zan yi misali da wannan Frobisher ɗin don shi na fi sani.

Kafin ka taɓa intanet ka fara sa ma ranka cewa Turawan Ingila suma kamar mu suka fara. Mutum sunansa ɗaya, sai a liƙa masa wani abu don a bambanta shi da takwaransa, yanda muke cewa Sani Dogo, Sani Maƙeri, Sani Kankiya, Sani na Malam Audu. Bambancin kawai nasu ya daskare ya zama gado, abun ya fara ne wajen manya bayan mutanen Nomandi na Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun riƙe suna ɗaya ɗa ya gada jika ya gada. Don haka kusan duk sunan da ka gani ko sana'a ne, ko gari, ko sunan uba, ko laƙabi. Smith maƙeri ne kuma shi yafi kowane yawa a Ingila, Johnson ɗan John, Long dogo. Palmer, Baturen mulkin da Katsinawa suka sani, wanda yake nan lokacin da aka naɗa Sarki Dikko a 1906, asalin sunansa mutumin da yaje ziyara Ƙudus ya dawo da ganyen dabino shaidar yaje, kusan abun da muke cewa Alhaji kenan. Clifford kuma, gwamnan da ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sunan wuri ne, mashigin rafi kusa da gangaren dutse.

Yanzu abun da nafi so ka riƙe, dan Allah kar ka fassara suna da yanda kake ganinsa yau. Nan mutane suke faɗawa rami. Ka ga Coward kace ai matsoraci ne tunda haka ƙamus na makaranta yace, alhali makiyayin shanu ne, kalmar ce ta lanƙwashe a bakin mutane cikin ɗaruruwan shekaru. Farmer ma ba lallai manomi ba, da can mai karɓar haraji ko kuɗin haya ake kira haka. Ma'anar suna tana cikin tsohon rubutunsa ne, shi yasa aikin farko shine ka ɗauki biro da takarda ka jera duk yanda za'a iya rubuta shi. A da yawancin mutane basu iya rubutu ba, limamin coci ko magatakarda ne zai rubuta abun da kunnensa yaji, mutum ɗaya sai ka same shi da rubutu uku, ɗaya ranar suna ɗaya ranar aure ɗaya ranar binnewa. Da na yi ma Frobisher haka sai ga Forbisher da Furbisher, wato harafin r ne yayi tsalle ya canza waje. Mu wannan ba baƙon abu bane a wajenmu, wani yace bagaruwa wani yace gabaruwa, wani hawainiya wani wahainiya, kuma duk abu ɗaya ne.

Da ka samu Furbisher ai magana ta fito. Kalma ce da ta shigo daga tsohon Faransanci, tana nufin mai goge takubba da sulke, wanda maƙeri in ya gama nasa sai a kai masa ya kankare tsatsa ya wasa ya fito da sheƙi. Wallahi da na karanta wannan sai na tuno wani dattijo a unguwarmu muna yara, in Sallah ta rage kwana uku zai shimfiɗa buhu a zaure ya jera takubba da likkafu da linzami na masu hawa, ga toka a kasko ga lemun tsami an yanka biyu ga tsumma, yana gogawa yana ɗagawa sama yana duba hasken, bai yarda yaro ya taɓa da hannu mai maiƙo ba. Ranar hawa a Ƙofar Soro kowa doki yake kallo da mahayi, mu kuwa takubban da ya goge muke nema da ido. Toh da a Ingila ne shekara 700 da suka wuce, shi ake kira Frobisher, jikokinsa har yau da sunan zasu riƙa cike fom.

Ina zaka tabbatar da ma'ana? Ƙamus na sunaye, ba shafin da ya fara fito maka a Google ba. Wanda aka fi yarda dashi shine na Oxford da ya fito a 2016, mujalladi 4, sunaye sama da 45,000 na Birtaniya da Ailan, yawancin sunayen zasu kawo maka tsofaffin rubutunsu da shekara da gundumar da aka gani. Akwai kuma na P. H. Reaney da ya fara fitowa a 1958, tsoho ne amma har yanzu yana aiki. In kana da ɗan uwa a jami'a, ko ta Umaru Musa Yar'adua ko ta Dutsin-ma, ka roƙe shi ya tambaya maka a laburare. Ka guji masu nuna maka tambari mai zaki da garkuwa suce na zuri'ar ne ka biya a bugo maka, a Ingila irin wannan tambarin mutum ɗaya ake ba ma da magadansa, ba duk mai sunan ba, kasuwa ce kawai suke ci.

Sai maganar yawa da inda suke. Anan Turawa sun yi sa'a da takarda. Tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta wankan suna, wato baftisma ta Kirista, da aure da binnewa, daga Yuli 1837 gwamnati ta fara nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wels, ƙidayar 1841 kuma ita ce ta farko da aka rubuta sunan kowa a gida. Ka shiga FreeBMD, shafin intanet ne mai ɗauke da wannan rajistar, kyauta ne, ka sa sunan a gurbin sunan gida ka bar sauran wajen fanko, ka zaɓi shekaru kamar goma kar ka ɗebo da yawa waya ta tsaya, zai jero maka sunaye da gundumar da aka yi rajista. Kai dai ka riƙa yin ɗan layi a takarda gaban kowace gunduma kamar mai ƙirga buhuna, bayan ɗan lokaci zaka ga waje ɗaya ya tara layuka. Ka maimaita da ƙidayar 1881 a shafin FamilySearch, shima kyauta ne sai dai ka buɗe akawun. Dalilin da yasa ake son 1881 shine har lokacin yawancin gidaje basu yi nisa da inda kakanninsu suka zauna ba. Frobisher dai Yokshaya ya nuna, arewacin Ingila. Kuma kar ka manta ka sa kowane rubutu daban, in ka nemi guda ɗaya kawai zaka bar rabin dangi a waje.

Don yawan masu sunan a yau akwai shafin Forebears, zai baka ƙasa-ƙasa, amma kiyasi ne, ka ɗauke shi haka. In ka ga sunan Ingila a Jamaika ko Amurka ko Saliyo ko Legas kar kayi saurin cewa jini ne, bayi da yawa sunan ubangidansu aka liƙa musu, wasu kuma na ɗan mishan ɗin da ya musu wanka suka ɗauka, wannan tarihi ne mai ciwo kuma ya kamata mai bincike ya faɗe shi yanda yake.

Me yasa wani suna yake ƙaranci? Tun farko masu sana'ar ne kaɗan, kowane ƙauye yana da maƙeri amma mai goge sulke sai inda mayaƙa da masu kuɗi suke. Sannan sunan ta wajen ɗa namiji yake tafiya, gidan da aka haifi mata zalla sai ya tsaya nan, ga annobar 1348 da ta share gidaje ɗungurungum tun sunayen basu gama kafuwa ba.

Shi kuma wanda aka sa ma wancan wajen na Kanada sunansa, Martin Frobisher ne, matuƙin jirgin ruwa ɗan Yokshaya na zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko, yayi tafiya uku a 1576 da 1577 da 1578 yana neman hanyar ruwa ta arewa zuwa Sin, ya lodo baƙin dutse cike da jirage yana zaton zinare ne ashe ba komi ciki, ya rasu a 1594. Amma kar shahararren mutum ya ruɗe ka, ba shi ya fara sunan ba, gada yayi, kuma ba duk mai sunan ne jikansa ba. Frobisher Bay ɗin wani lungun teku ne, garin da ke bakin ruwan da shima haka ake kiransa ya aje sunan a 1987 ya koma Iqaluit na harshen mutanen wajen, ruwan ne kaɗai ya riƙe. Da na kira yaron a waya na faɗa masa duk wannan, sai yace Kawu toh saura Lorimer, nace wannan mai ƙera linzami da likkafa ne, amma ya ɗauko takarda ya fara jera rubutun da kansa, in ya zo hutun Sallah mu duba gundumar tare.