Kafin ka ci bashin karatu don digirin ilimin motsa jiki, zauna ka yi lissafi

Mafi yawan matasan Katsina da Daura da ke neman gurbin karanta ilimin motsa jiki da lafiya suna hango kansu a gefen fili a filin wasa na Muhammadu Dikko, suna ba 'yan wasa umarni. Amma inda akasarin masu wannan digiri ke ƙarewa shi ne aji da filin makarantar sakandare. To da albashin malami ya kamata a auna bashin, tunda shi ne abin da ya fi tabbas.

Fara da sanin sharuɗɗan bashin. Asusun rancen ɗalibai na NELFUND, wanda dokar da aka sa wa hannu a watan Afrilun 2024 ta kafa, yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba tare da kuɗin ruwa ba. Kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye zuwa asusun makarantar, ba ya biyowa ta hannunka. Sai kuɗin ɗawainiya, Naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusunka na banki, kuma ba dole ba ne ka nema. Biya yana farawa shekara biyu bayan gama yi wa ƙasa hidima, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na ribar wata ga mai sana'ar kansa. Wajen nema za a buƙaci lambobin NIN da BVN da JAMB da lambar rajistarka ta makaranta. Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin waɗannan takardu, don haka a gyara tun kafin a buɗe shafin neman rancen a intanet.

Yanzu ɗauko biro. A ɗauka, don misali kawai, kuɗin makaranta Naira 100,000 ne a shekara. Shekara huɗu, 400,000 ke nan. Idan ka karɓi kuɗin ɗawainiya na wata goma a kowace shekara, ka ƙara 800,000. Jimilla miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. A ce albashinka na farko 90,000 ne: za a riƙa cire 9,000 duk wata, bashin zai ɗauki wata 134, sama da shekara goma sha ɗaya. Da kuɗin makaranta kaɗai ka ranta, cikin wata 45 ka gama. Ka ga kuɗin ɗawainiyar nan, da ke ƙarewa a kati da abinci ba a ji ba, shi ne kashi biyu cikin uku na nauyin. Wanda zai iya karatu daga gida, ko yake da 'yar sana'ar hannu, gara ya bar shi. Sauya alƙaluman nan da na gaskiya: kuɗin rajista daga ofishin kuɗi na makarantar, albashi kuma daga bakin malamin da aka ɗauka kwanan nan. Ka ce ya gaya maka abin da ke shiga asusunsa bayan an cire fansho da haraji, ba abin da ke kan takardar ɗaukar aiki ba.

Akwai kuma zaɓin hanya. Digiri kai tsaye a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello shekara huɗu ne, ga kuɗin mota da masauki. NCE, wato takardar shaidar malanta, shekara uku ce, ana iya yinta a gida, a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina. A aikin gwamnati mai NCE yakan fara a mataki na 07, mai digiri a na 08. Mai NCE zai iya fara koyarwa, daga baya ya shiga jami'a a aji biyu, yana biya daga albashinsa. Hanyar ta fi tsawo, amma bashinta kaɗan ne. Illarta ita ce wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri takardar yafiya zai samu, ba zai je hidimar ƙasa ba, ya rasa alawus ɗin 77,000 na kowane wata. Ko wace hanya ka bi, sai ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN kafin a ɗauke ka cikakken malami.

Wannan fanni yana da kashe-kashen da rancen makaranta bai san da su ba: takalmin gudu, kayan atisaye, usur, kuɗin zirga-zirga lokacin gwajin koyarwa, da buga kundin bincike a shekarar ƙarshe. A ware musu wani abu daban.

Batun ƙarin samu, akwai shi: alƙalancin wasa a ƙarshen mako, horar da yara a makarantu masu zaman kansu, shirya gasar gidaje ta makaranta, aiki a wurin motsa jiki. Sai dai yawancinsu na lokaci ne, kuma horar da ƙungiya yana buƙatar takardar koci daban, irin ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Kada ka sa su cikin lissafin biyan bashi. Makarantu masu zaman kansu da yawa ba sa kai mafi ƙarancin albashi na 70,000, kuma sukan haɗa wa malamin motsa jiki wani darasin, saboda haka ka riƙe ɓangaren ilimin lafiya da kyau, shi ne ke sa shugaban makaranta ya ga zai iya cika maka jadawali.