Yadda za ka gane ko kalmomi biyu 'yan uwan juna ne

Jiya a fada nan Birni muna shan shayi wani ƙanena mai karatu a jami'ar André Salifou ya ce wai kalmar "mata" tamu da "matka" ta mutanen Folan, wato uwa, asalinsu ɗaya. Na ce masa a'a ƙanena, kama da wane ba ta wane. To ga yadda ake bin sawun abin, da kalma guda da Ayirish, harshen ƙasar Ayilan, da Folish, harshen Folan, suka gada tare.

Da farko ka daina amincewa da kunnenka. Mace a Ayirish "bean" ce, ana faɗinta kamar ban, matar aure kuma a Folish "żona", wannan ż ɗin kamar j na Faransanci a jour. Ba su yi kama ba ko kaɗan amma duk daga tushe ɗaya suka fito, tsohuwar kalmar *gʷen ta Indo-Turai, wato harshen da ya haifi yawancin harsunan Turai, wadda ita ce ta ba Girkanci gyne, shi ya sa likitan mata a lopital ake ce masa jinekolog.

Sai ka nemi ko canjin sautin yana maimaita kansa, nan ne aikin yake wallahi. Wancan tsohon gʷ ya koma b a Ayirish, a Folish kuma ya koma ż in wasali irin su e ko i na biye. Gwada da wasu kalmomin: mai rai a Ayirish "beo", a Folish "żywy". Dutsen niƙa "bró" da "żarna". Sau uku kenan b tana fuskantar ż, to wannan ba dace ba ne, gado ne.

Bayan nan ka tabbatar ba aro ba ne, kamar yadda mu muka ɗauko lakwal daga Faransanci, kasuwa kuma ta bi ta Barebari daga Larabci.

Nahawun kuma ka dube shi, don tsofaffin kalmomi sun cika taurin kai. Bean in ka sa mata "an" a gaba sai ta zama "an bhean", a faɗa kamar an van, don mace ce. Jam'inta "mná", ka ji fa, kamar mace da mata, har a ƙofar bayin mata a Ayilan Mná ake rubutawa, baƙo ya ga M ya ɗauka na maza ne ya afka. Mallakar jam'i kuma, wato "na mata", "ban". Ita żona wutsiyarta ce ke canzawa gwargwadon aikinta a jimla, żonę in ita aka yi wa abu, żoną in tare da ita ne, żono in kana kiranta. Ma'anarta ma ta tsuke, matar aure kaɗai, mace kawai "kobieta" suke cewa.

Ita ko kalmar "mata" tamu ta Hausa daga dangin harsunan Cadi take, na ce wa ƙanen nawa ya nemo mini kalmomi uku da m ɗin Hausa ke bin m ɗin Folish a jere, har yanzu ina jiransa.