Yadda na rabu da ciwon mafitsara mai yawan dawowa

Zafin fitsari ya riƙa dawo mini, ga yawan zuwa bayan gida, fitsarin kuma ɗan kaɗan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na ciprofloxacin da ke yi mini aiki a da ya daina tasiri.

Abin da ya warware matsalar shi ne gwajin fitsari na musamman, wanda ake renon ƙwayoyin cutar a ɗakin gwaji har kwana 2 zuwa 3, a ga wane magani ke kashe su. Likita ta ce in bar fitsarin farko ya zuba, in tari na tsakiya a kwalba mai tsabta, kafin in sha kowane magani. Sakamako ya nuna ƙwayar cutar E. coli ce, wadda ke jawo yawancin wannan ciwo ga mata saboda hanyar fitsarinmu gajeriya ce. Ta riga ta bijire wa ciprofloxacin, amma nitrofurantoin na kashe ta.

Na sha shi yadda aka rubuta, tare da abinci, na ƙara shan ruwa, zafin ya ɗauke.

Ƴar'uwa, in akwai zazzaɓi ko ciwon kwiɓi, ki koma asibiti nan take, don ciwon na iya hawa ƙoda, nitrofurantoin kuwa ba ya maganin ciwon ƙoda.