Yadda Ake Zanen Jiƙa Yadi da Fenti Irin na Helen Frankenthaler

A 1952 ne mai zane 'yar Amurka Helen Frankenthaler ta fito da wannan salo. Maimakon a shafa fenti a saman yadi, sai a tsinka shi sosai, a zuba, yadin ya shanye kamar rini.

Abin da ake buƙata: yadin kanbas na auduga wanda ba a shafa masa farin fentin shimfiɗa ba, fentin akirilik (wanda ake tsinkawa da ruwa), kofuna, soso da leda babba.

A guji fentin mai. Da shi Frankenthaler ta fara, amma man yana fita ya bar da'ira mai maiƙo a gefen kowane launi, kuma yana cin zaren a hankali. Ita ma daga baya ta koma akirilik.

Da farko a wanke yadin a shanya, domin sabon yadi yana da sitati, kuma sitati ba ya barin ruwa ya ratsa. Sai a shimfiɗa leda a ƙasa, a ɗora yadin, a miƙe shi sosai. Duk inda aka bar lanƙwasa, nan fenti zai taru.

Wajen haɗin ne aikin yake. A fara da cokali 1 na fenti a cokali 4 na ruwa, a dama har gudaji ya ƙare, a gwada a ƙyalle. Idan ya tsaya a sama yana ƙyalli, ya yi kauri. Idan ya dunƙule ɗigo-ɗigo ya ƙi shiga, a ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya tak a kofin. Kuma a jira gwajin ya bushe kafin a yanke hukunci, don launin yakan dushe.

A fara zuba launi mai haske, a ɗaga gefen yadin don fentin ya gangara inda ake so, a ja shi da soso. Busasshen yadi yana ba da baki mai kaifi, jiƙaƙƙe kuma launin yakan watsu. Ja da kore idan suka haɗu da danshi ruwan ƙasa suke komawa, saboda haka a bari ɗaya ya bushe tukuna.

Babu gyara a wannan salo, abin da yadi ya sha ya sha. Wurin da ake son ya zama fari, tun farko a bar shi. Auduga tana tsukewa, don haka sai ya bushe ƙarau a kwance sannan a ɗaura shi a firam.